Igiya Kawai Aka Ce Ya Ja

A wata unguwa an yi wani mutum da ake kira Injiniya, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Shekara tara ya yi a garejin motoci yana gadin akwatin sifanu. A ce masa miƙo mai lamba goma, ya miƙo mai lamba sha biyu, a zage shi, ya koma ya zauna. Da garejin ya gaji da shi sai ya tattaro matarsa da tumbinsa ya dawo gidan kakarsa, da wata riga mai aljihu shida wadda ba a taɓa ganin ɗigon baƙin mai a jikinta ba.

Kakar tasa, wadda har sa'o'inta Kaka suke ce mata, ba ta taɓa zama a aji ba, kuma ba ta taɓa sayen tumatir a kasuwa ba. Na farkon bai dame ta ba. Na biyun ne take ɗaga kai da shi. Lambunta na bayan gida, katanga ta kewaye shi, sai ƙofar langa-langa guda mai fita lungu. A bana ta yafa irin tumatir da tattasai a ɗan gado kusa da rijiya, sun fito, sun kai tsawon tafin hannu, sun fara matse juna. Duk wanda ya san dashe ya san mako guda ya rage musu. In suka wuce haka za su yi dogayen ƙafafu, su fara fure a cunkushe, shekara ta tafi a banza. Ga ƙasar lambun ba a kafta ba. Bara da fartanya ta yi, bayanta ya kwantar da ita wata guda cur.

A rumfar lambun kuwa akwai 'yar taraktar Marigayi, mijinta. Ba ta fi jaki tsayi ba, kuma ta girmi Injiniya nesa ba kusa ba. Kujerarta ƙarfe ce kamar faranti, da igiya ake tada injinta. A bayanta akwai garma mai baki ɗaya, an ɗaure mata rabin dutsen niƙa da waya. Gefen kujerar kuma wata tsohuwar muciya ce a rataye.

Ranar Litinin da safe Kaka ta kira jikan nata rumfar.

"Maigidan, zo ka ja mini igiyar nan ta tashi. Kafaɗata ta daina ja."

Abin da ta nema ke nan. Sauran ta san yadda za ta yi da shi.

Injiniya ya zagaya taraktar sau biyu, hannuwa a baya, kamar likitan da aka kira wa mai jinya. Ya shuri taya. Ya leƙa ƙarƙashi iyakar inda tumbi ya yarda.

"Kaka, wannan garmar ai ta zamanin da ce. Yanzu akwai wadda ake kira mai haƙora. Inji ke juya ta, ta niƙe ƙasa ta koma gari. Awa ɗaya na gama miki lambun nan, ki zo ki yi ta dashe da ɗan yatsa."

"Igiya na ce ka ja."

"Ki bar wa masu ilmin abu abinsu."

"To ina suke?"

Wannan bai shiga kunnensa ba. Kafin azahar sai ga shi ya dawo daga wurin masu tsofaffin ƙarafa, ana turo masa wani abu a baro. Ƙarfe ne mai sanda a tsakiya da haƙora goma sha biyu a lanƙwashe, duk sun yi tsatsa. Ya tuɓe rigar mai aljihu shida ya rataye ta nesa da aiki, sannan ya kwance garmar Marigayi ya jefar da ita jikin katanga.

"Wannan kuma fa?" ya tambaya, yana nuna dutsen.

"Dutse ne."

"Na ga dutse ne. Me yake yi a jikin inji?"

"Nauyi yake yi. Aikinsa ke nan shekara talatin, kuma bai taɓa yi wa kowa bayani a kai ba."

Ya mirgina dutsen gefe. Ya ciro muciyar yana dariya.

"Har kicin kuka mayar da ita, ke da tsohon?"

Ya wurga ta waje. Kaka ta je ta ɗauka, ta goge ta da gefen zane, ta soke ta a ƙugu.

"Garmar nan da ka cire," in ji ta, "ita ce birkin. In ana so a tsaya, sauke ta ake yi ta kama ƙasa."

Injiniya ya yi dariya har sai da ya dafa taya. Ya taka wani ƙarfe da ke gefen kujera.

"Ga birki nan, Kaka. Kowane inji da birkinsa."

"Abin takawa ne dai. Birkin ya riga kakanka mutuwa da shekara ashirin."

"Garma birki," ya ce, yana share hawaye. "Allah ya bar mana tsofaffi."

Ranar Talata aka gano ramukan ƙusoshin mai haƙora ba su dace da na taraktar ba, ko guda. Injiniya ya ce ƙaramin abu ne, lanƙwasa ƙarfe kawai za a yi. Ya ɗora hannun ƙarfen a kan dutsen niƙan Marigayi ya yi ta dukansa da guduma. Ƙarfen ko gezau. Dutsen ya rabe gida huɗu. Kaka tana bakin rijiya tana yayyafa wa irinta ruwa, ta ji ƙarar, ba ta waiwaya ba.

Dole aka kira Mai Walda, wanda rumfarsa ke ƙarshen lungu. Ya zo da injinsa da baƙin gilashinsa a goshi, ya duba, ya tsotsi haƙori.

"Injiniya, abin nan na babbar tarakta ne. Ya yi wa wannan nauyi."

"Inji duk inji ne."

"Haka ne. Takalmi ma duk takalmi ne. Sa na matarka mu gani."

"Kai dai ƙona inda na nuna maka. Lissafin yana kaina."

"Can ya fi aminci," in ji Kaka daga bakin rijiya. "Ba abin da zai dame shi a ciki."

Mai Walda ya sauke gilashinsa da sauri don kada a ga dariya a idonsa.

Ranar Laraba aka yi gwaji. Tela, maƙwabcinsu na jikin ƙofa, ya leƙo da abin awo a wuya, wai zai ga zamani. Injiniya ya ɗaura bel daga inji zuwa mai haƙora, ya ga ya yi tsawo, sai ya murɗa shi sau ɗaya ya harɗe. Ya naɗe igiya ya ja. A ja na uku injin ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya tashi. Kaka ta ji wannan ƙarar da ta yi shekara ba ta ji ba, ta duba jikan nata, ta duba garmar da ke yashe jikin katanga. Da a jan igiya aka tsaya, da yanzu ana dashe.

Injiniya ya hau kujera, bai sa giya ba, ya ce zai fara nuna musu yadda haƙoran ke cin ƙasa. Ya sauke su. Harɗaɗɗen bel ɗin nan ya sa suna juyawa ta baya. Maimakon su tura ƙasa baya, sai suka kwaso ta da tsakuwa da kashin awaki suka yi ta zuba wa mai tuƙi a ƙeya, abin da ya wuce shi kuma ya samu Tela a fuska. Bel ya tsinke da gudu ya faɗa rijiya. Injiniya na nan ido a rufe yana tofar da ƙasa, Kaka ta matso, ta zaro muciya, ta ɗan doki wayar fulogi ta fita. Injin ya mutu. Ta mayar da wayar, ta mayar da muciya ƙugu, ta koma inda take.

"Kun gani," in ji Injiniya da ya samu ya buɗe ido ɗaya. "Da ya ji matsala sai ya kashe kansa. Injin da ke hannun masani ke nan."

"Ni dai na ɗanɗana zamanin," in ji Tela, yana kakkaɓe gemu. "Akwai akuya a ciki."

Ranar Alhamis aka ciro bel da ƙugiya, aka ɗaura shi daidai, amma da an tada inji sai ya zame. Akwai wani ɗan hannu da ake sassauta bel da shi in ana so haƙora su tsaya. Injiniya ya ce shi ne munafukin. Ya sa a kira Mai Walda ya ƙone shi a ɗaure.

"In na ƙona wannan," in ji Mai Walda, "haƙoran nan ba za su tsaya ba sai inji ya mutu."

"Wa ya ce su tsaya? Hutu na kawo su yi?"

Aka ƙona. Da yamma Kaka ta durƙusa gaban gadon irinta. Ganyen ƙasa sun fara yin rawaya, wani tumatir ɗaya mai rawar kai har ya fitar da ƙullin fure. Ta tsinke shi da farce.

"Maigidan, ƙasar nan ta bushe kamar siminti. A jiƙa ta yau, ta kwana ta yi laushi."

"Mai haƙora ba ta son taɓo, Kaka. A takarda ma haka aka rubuta."

"Wace takardar?"

"Ba za ki gane ba."

"Ban iya karatu ba, gaskiya ne. Amma ban taɓa ganin takarda ta fito da tattasai ba."

Ya tafi ya bar ta. Ta ɗauki guga ta jiƙa rabin lambun da ke kusa da rijiya, iyakar abin da bayanta ya yarda. Rabin da ke wajen ƙofa ya kwana a bushe.

Ranar Juma'a da hantsi Injiniya ya wangale ƙofar lambu, ƙofar da Marigayi bai taɓa buɗewa ana aiki ba. Ya jera benci biyu a lungu, ya bi gida gida ya kira mutane. Ya sa rigar mai aljihu shida. Ya ce a wajen ƙofa zai fara, don na baya ma su gani. Sannan ya yi jawabi. Ya ce daga yau an gama wahalar fartanya a unguwar nan. Ya ce duk mai lambu ya zo ya rubuta sunansa, amma a yi haƙuri, layi zai yi tsawo. Ya ce wasu sun yi shekara talatin suna ɗaure dutse a jikin inji, ba laifinsu ba ne, ba su samu wanda zai nuna musu ba.

Kaka tana zaune a kan juyayyen bokiti kusa da irinta, muciya a cinya.

Ya ja igiya, inji ya tashi, haƙora suka fara juyi a sama. Ya hau, ya sa giya, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya sauke haƙoran.

Ba su shiga ƙasar ba. Busasshiyar ƙasa ta ƙi su, sai suka hau kanta suna gudu kamar ƙafafun kaza, suka ingiza taraktar gaba da ƙarfin da ba ta taɓa sani ba tun tana sabuwa. Nauyin ƙarfen ya danne bayanta, tayoyin gaba suka ɗaga suna shafar ƙasa sama-sama. Injiniya ya murza sitiyari hagu, ya murza dama, tarakta ta miƙe ƙofa. Masu benci na farko suka watse. Masu benci na biyu ba su jira an gaya musu ba.

Ya taka birki. Abin takawa ya tafi ƙasa salin alin ya zauna can. Ya murza makullin kashe inji, makullin ya biyo hannunsa.

"Gwaji ne," yake ce wa mutanen da yake wucewa. "Ku matsa, gwajin hanya ne."

Ƙofar shagon Tela aka fara nomewa. Tabarmar da yake yanka yadi a kai ta shiga haƙora ta fito zare-zare, ta tafi da hannun rigar wani mutum da aka yi wa alkawarin ɗinki ranar. Tela ya tsaya a kan teburin kekensa yana kallo.

"Injiniya, ni ban rubuta suna ba."

Gaba kaɗan matar Tela ta yi shanya a doguwar igiya, daga tagarta zuwa bishiyar da ke tsakiyar fili, wajen famfon unguwa. Tarakta ta shiga ƙarƙashin shanyar. Igiyar ta tsinke daga taga ta naɗe a ƙarfen tayoyin gaba, zannuwa biyu suka rufe wa Injiniya fuska, ɗan kamfan Tela ya maƙale a bututun salansa yana kaɗawa. Ɗaya bakin igiyar kuwa yana nan daram a jikin bishiya. Sai taraktar ta koma kamar akuyar da aka ɗaure a turke, tana zagaya bishiya, tana zagayawa. A wajen famfo ƙasa a jiƙe take, nan ne haƙoran suka samu abin da suke so. Duk zagaye sai sun kwashi taɓo sun raba wa jama'a, ba su bar na baya ba. Kuma duk zagaye igiya na ƙara naɗewa a jikin bishiya, da'irar na ƙara tsukewa.

"Cire wayar fulogi," Mai Walda ya ɗaga murya daga bayan wata ganga.

Injiniya ya yaye zane daga fuska, ya miƙa hannu ya damƙi wayar. Abin da Marigayi ya rataye muciya saboda shi ke nan. Wuta ta fizge shi har gwiwar hannu, ya saki wata ƙara da ba ta dace da mai aljihu shida ba, ya rungume sitiyari.

Sai ga Kaka ta fito. Ta tsaya ta ja ƙofar lambu ta sa sakata, saboda awaki. Ta bi layin da aka nome a lungu da tafiyarta ta kullum, ta zo bakin da'irar ta tsaya. Tarakta ta zagayo.

"Kaka, birki!"

"Yana jikin katanga inda ka jefar."

Ya wuce. Ya sake zagayowa, ya fi matsowa kusa da bishiya.

"Kaka, ki yi wa Allah."

"Me na ce ka yi ranar Litinin?"

Ya wuce. Reshe ya cire masa hula. Da ya zagayo na uku tun daga nesa yake amsawa.

"Igiya. Igiya kika ce in ja."

Ta miƙa muciya, ta ɗan doki wayar. Inji ya yi tari biyu ya mutu, hancin taraktar saura taku ɗaya ya sumbaci bishiya.

"Da ma ina shirin kashewa," in ji Injiniya a hankali.

"Sauko ka tura," in ji Kaka.

Shi ya tura, Tela da Mai Walda suna riƙe da sitiyari, matar Tela na biye da su tana lissafa masa zannuwanta da sunan kowanne. A rumfa Mai Walda ya yanke mai haƙora, ba wanda ya roƙe shi. Aka ɗauko garmar Marigayi aka mayar, ƙusoshinta suka shiga ramukansu kamar ba a taɓa raba su ba. Jama'a ba su tafi ba, sun cika ƙofa.

"Saura nauyi," in ji Mai Walda. "In ba dutsen, garmar ba za ta kama ba."

Kaka ta duba gutsattsarin dutsen guda huɗu. Ta duba tumbin jikanta. Ta daɗe tana dubansa, kamar mai auna hatsi da ido.

"Ɗaura katako a kan garmar," ta ce wa Mai Walda.

"Kaka, a gaban mutane?" in ji Injiniya.

"Ni na kira su?"

Ya ja igiya, inji ya tashi. Ya zagaya baya ya zauna a kan katakon, ya riƙe ƙarfe da hannu biyu. Kaka ta gyara ɗaurin zanenta, ta rataye muciya a mazauninta, ta taka ta hau kujerar farantin nan. Ta sa giya ba tare da ta duba ba, ta sauke garma. Bakin garmar ya nutse, ƙasa ta buɗe baƙa tana juyewa gefe. Ta kai ƙarshen lambu, ta sa Injiniya ya sauka ya ɗaga garmar ya taka da ƙafa, ta juya, ya koma ya zauna. Layi na biyu ya kwanta jikin na farko kamar an ja shi da zare.

"Kaka, yaushe kika koya?" Tela ya tambaya da ta zo daidai ƙofa.

"Shekara shidan ƙarshe idon Marigayi ba ya ganin ƙarshen layi. Shi ke jan igiya ya zauna a inuwa, ni ke tuƙi. Ba mu buɗe ƙofa ba ne kawai."

Da aka zo busasshen rabin, inda dutsen Marigayi kansa kan yi tsalle, garmar ta shiga kamar wuƙa a sabulu. Kaka ta waiwaya ta dubi nauyin nata, ta gyaɗa kai. Wannan ne yabo na farko da ya samu a gidan, kuma bai gan shi ba, ƙura ta rufe masa ido.

Kafin rana ta faɗi an dasa tumatir da tattasai har na ƙarshe, an ba su ruwa. Washegari da safe duk sun ɗaga kai, ban da guda uku da Injiniya ya taka.

Da hantsi Kaka ta fito za ta mayar wa matar Tela igiyar shanya sabuwa, sai ta jiyo muryar Injiniya a rumfar Mai Walda. Yana zaune a gefe ɗaya na mazaunansa, yana yi wa mutane bayani. Wai tuƙi kowa ma zai iya, ko tsohuwa. Zurfin garma shi ne ilmin. Sai ka san lokacin da za ka danna, da lokacin da za ka sassauta, kuma ba kowane jiki ne aka yi don wannan ba.

Kaka ta wuce abinta. Ta ba da igiya ta koma gida, ta tarar da matar Injiniya tana zuba abincin rana. Ta tsaya a kanta ta duba kwanon Injiniya.

"Ƙara masa," ta ce. "Kada ki bari ya rame kafin baɗi."